Ƙarfen Shiga Aji

Malam Bunyaminu na cikin rubuta jadawali a allo aka ce Alhaji Namadi na kira. Gabansa ya faɗi, amma wallahi har da daɗi a ciki. Takardar ta isa!

Alhaji, dillalin busasshen kifi, shi ya gina makarantar a Bagudo da kuɗinsa, aji uku, malamai uku. Duk shekara, da ruwan farko ya sauka, yara sun tafi gona, sai ya sallami malaman duka. Da kaka ya mayar da wanda ya ga dama. Bana, cikin satin da aka ɗaga tutar 'yancin kai, Malam Arzika ya dawo daga Dahome yana zuba labari, wai malaman can ƙungiya gare su. Nan take malaman uku, Arzika da Bunyaminu da Ma'azu, suka kafa tasu a gindin tsamiya. Bunyaminu ya tsara takarda, suna neman aiki rani da damina. Suka sa hannu a zagaye, don kada a gane na gaba.

Dabara kuwa ta yi kyau. Abu ɗaya suka manta: Alhaji ba ya karatun boko, kuma Bunyaminu ne mai karanta masa wasiƙu.

"Malam, duba min wagga," in ji Alhaji, yana zaune a kan buhun kifi.

Bunyaminu ya karɓa. Da ya so, sai ya ce gaisuwa ce kawai. Ga mata da 'ya'ya huɗu a gida. Amma ya buɗe murya ya karanta tas. Zumuɗi ya ɗebe shi, har ya kai layin ƙarshe bai dubi takardar ba.

Alhaji ya yi murmushi. "Ashe ka haddace ta. To, ɗauki alƙalami. Rubuta: wanda ya tsara wagga takarda, na sallame shi. Sa sunan, ai ka san shi."

Ya rubuta sunansa da kansa.

Alhaji ya juya ga kifinsa. Can sai ya ɗaga kai. Kullum war haka ƙarfen da aka rataye a tsamiya kan yi ƙara, har 'yan kasuwa na gane lokaci da shi. Yau shiru. Ya leƙa wajen makarantar. Yara cike da fili suna tsere da 'yan tutocin takarda. Arzika da Malam Ma'azu kuwa suna zaune a gindin tsamiya, sandar buga ƙarfen a cinyar Ma'azu.

"Mi ya hana su bugawa?"

"Ni suke jira, Alhaji."

'Yan kasuwa sun fara tsayawa kallo. Alhaji ya daɗe yana sosa gemu.

"Kai, wanga 'yanci har makarantata?" Ya miƙa hannu ya karɓi takardar sallamar, ya naɗe kifi biyu a ciki, ya ba Bunyaminu. "Kai wa iyali. In an tashi ka zo da farar takarda, mu sake rubutu."

Bunyaminu ya fita da gudu, kifi a hammata, yana ihu: "Ma'azu, buga!"