Dillalin Da Baba Yake Kira Dogo

Auta ce kaɗai ta rage wa Baba. Inna ta rasu tun da daɗewa. Yayanta kuwa, wanda kowa yake kira Dogo, hatsarin mota ne ya yi ajalinsa yana dawowa daga aikin rufin wani gida. Shi da Baba suke aikin kafinta a shago ɗaya, saboda haka bayan rasuwar sai Baba ya sa wa shagon kwaɗo, ya dawo wurin Auta. Tana haya ne a hawa na uku na wani bene, kusa da asibitin da take aiki a ɗakin gwajin jini.

A hankali mantuwa ta fara kama shi. Yau ya ajiye tabarau a firji, gobe ya tambayi ina Inna ta shiga. Daga baya har sunan Auta ya soma kuɓuce masa, sai dai ya ce "ke yarinya" ko "Malama". Ranar da ya sauka matakala shi kaɗai da guduma a hannu, wai zai tafi shago, ya zame ya fashe goshi, ranar ta yanke shawarar barin benen. Gida take so nata na kanta, a ƙasa, mai get da ɗan tsakar gida inda tsoho zai zagaya ba tare da ya faɗi ba.

Wata abokiyar aikinta ce ta haɗa ta da dillalin. Dogon mutum ne siriri, da wayoyi biyu da tarin makullai a cikin leda, da wata tsohuwar mota wadda sai an daki ƙofarta da kafaɗa take buɗewa. Baki gare shi kamar rediyo. Kowane gida a wurinsa kusa yake da titi, kowace unguwa ba a ɗauke mata wuta.

Matar da take kula da Baba in Auta tana wurin aiki ba ta zuwa ranar Asabar, dole Auta ta fito da shi. Ta zaunar da shi a baya, ita ta shiga gaba. Ba su yi nisa ba Baba ya matso, ya ƙura wa ƙeyar dillalin ido.

"Dogo, ba ka gaishe ni ba."

Dillalin ya yi dariya, don ya zaci tsayinsa ake tsokana. "Ai na gaishe ka, Baba. Amma bari in ƙara. Ina kwana?"

"Ka rame. Ba ka cin abinci ne?"

Auta ta juya fuska wajen taga.

Gidan farko sabo ne fil, yana ta warin fenti. Dillalin yana ta nuna mata tayil da silin, yana cewa iskar ɗakin nan kamar biyan ta ake yi, sai suka ji Baba yana ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki da bayan yatsa.

"Dogo, zo ka ga aika-aika. Ɗanyen katako suka sa. Damina ɗaya za ta kumbura. Ba kai ka yi ba dai ko?"

"Ni? Haba Baba, wane ni."

Auta ta yafito dillalin zuwa kicin, ta rage murya, ta gaya masa ko wane ne Dogo. Dillalin ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana jujjuya makulli a hannu.

"Allah ya jiƙansa. To Hajiya, in ce masa ba ni ba ne?"

"Likita ya ce a daina yi masa gardama. In ba za ka takura ba, Malam, ka amsa kawai."

"Ba komai. Ni nawa uban ya rasu."

Haka aka ci gaba, duk Asabar. Sun ga gidan da kwata ta bi ta ƙofarsa, sun ga wanda magada suke rigima a kansa, sun ga wani mai kyau amma injin niƙa ne a bayan katangarsa. Wani gidan ma, dillalin da kansa ya hana ta, ya ce takardunsa ba su kwanta masa ba. Baba kuwa tun daga Juma'a yake neman hularsa, yana cewa gobe za su fita aiki da Dogo. A gida sai ta yi da gaske yake cin loma uku, amma in dillalin ya tsaya a hanya ya saya masa ayaba, tas yake cinyewa. In za a tsallaka kwata, hannunta yake turewa ya kama na dillalin.

Tana murna da ganin ya farfaɗo, wannan gaskiya ne. Amma abin yana yi mata ciwo. Ita take yi masa wanka, ita take yanke masa farce, ita take ƙirga masa ƙwayoyin magani, ga shi wani baƙo ya zo da ƙeya kawai ya samu abin da ta rasa.

Gidan da suka saya ba shi ne ya fi kyau ba. Tsoho ne, ɗakuna biyu da falo, fentin get ɗin ya kwarzane, kicin ɗin ko juyawa ba a yi sosai. Sai dai babu matakala ko ɗaya, kuma akwai bishiyar lemo a tsakar gida da wani dakali a ƙarƙashinta. Baba ya buɗe ƙofar falo ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, sannan ya je ya zauna a dakalin ya cire takalmi.

"Nan ya yi," in ji shi.

Dillalin ya kalli Auta. "Hajiya, kin ji mai gida ya yanke hukunci. Ni da ke 'yan rakiya ne."

Lauya ya duba takardu, aka yi ciniki, aka sa hannu. Ranar karɓar makulli, dillalin ya miƙa mata su a tsakar gida, ita kuma ta danƙa wa Baba don ya sa albarka. Ya riƙe su da hannu biyu ya yi addu'a mai tsawo, bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Da ya shafa, sai ya kama hannun dillalin ya zuba masa makullan.

"Allah ya sa ka shiga a sa'a. Na ji daɗi da na ga ka yi gida kafin in mutu." Ya nuna Auta da haɓa. "Wannan iyalinka ce? Ka riƙe ta da kyau. Tana da kirki, kullum ita take ba ni magani."

Dillalin ya rasa inda zai sa idonsa. Auta ta ce bari ta duba ko famfon kicin yana kawo ruwa. Ta shiga ta kunna shi, ta bar shi yana zuba har ta gama abin da ya kai ta, ta wanke fuska ta fito.

Aikin dillali ya ƙare ranar da ya karɓi la'adarsa, kuma ta san haka. Amma bayan sun tare, Baba ya ƙi zama a dakalin. Kujera yake ja har bakin get, ya zauna yana leƙen titi ta kafar ƙarfe. Duk motar da ta wuce sai ya miƙe. Abinci ya koma sai da lallashi. Ta daure, ta daure, ran nan dai ta kira lambar.

"Malam, ka yi haƙuri, ba maganar gida ba ce."

"Na sani, Hajiya. Yana tambayata ko? Zan biyo Asabar."

Ya riƙa zuwa. Wani lokaci ya daɗe, wani lokaci ko zama ba ya yi saboda masu jiran ya nuna musu gida. Yakan kawo ayaba, ya zauna Baba ya yi ta yi masa faɗa a kan ya bar zarto a waje ya yi tsatsa, shi kuma yana ba da haƙuri.

Wata Asabar da hantsi ya shigo kamar kullum, ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya kwana lafiya ranar, ya karya sosai, idonsa garau. Ya kalli dillalin daga sama har ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?"

"Ni ne, Baba. Dogo."

"A'a." Baba ya girgiza kai a hankali. "Dogo yana da tabo a nan, inda kurfin sassaƙa ya yanke shi. Kai ba shi ba ne." Ya dubi ƙasa. "Dogo ai ya rasu. Mota ce. Ni na je asibiti na gano shi."

Sai ya juyo wajen Auta, tana tsaye da kofin shayi a hannu.

"Auta."

Rabon da ya kira sunan har ta manta.

"Na'am, Baba."

"Auta, kina tsaye ana yi mini wasa da hankali? Ke da kika san komai? Me na yi miki?"

Ta ajiye kofin a ƙasa ta durƙusa ta riƙe gwiwoyinsa. Ta so ta ce likita ne ya ce a yi haka, ta ga maganar ba ta da amfani. Baba ya yi kuka irin na ranar da aka kawo labarin, yana kiran sunan ɗansa, yana ture hannunta. Dillalin ya tashi ya fita, ya tsaya a jikin motarsa, wayoyinsa suna ta ƙara bai ɗauka ba.

Kafin la'asar duk abin ya goge daga ƙwaƙwalwar Baba. Baba ya tashi daga barci ya ce, "Malama, Dogo bai zo ba?" Ta ce masa yana hanya.

Da yamma dillalin ya kira. "Hajiya, in daina zuwa ne? Wallahi tun ɗazu na kasa komai."

"Ban sani ba, Malam," in ji ta. "In ka zo ina tsoro, in ba ka zo ba ba ya cin abinci."

Ya ci gaba da zuwa, amma bai ƙara cewa shi ne Dogo da bakinsa ba. Sai ya yi sallama ya jira ya ji da wane suna za a karɓe shi. Baba bai sake gane gaskiya ba, bai kuma sake kiran Auta da sunanta ba. Ƙarshen damina ciwon ƙirji ya kwantar da shi, aka ba shi gado a asibitin da take aiki, a nan ya cika tana riƙe da hannunsa.

Dillalin ya zo gaisuwa, ya zauna can baya cikin maƙwabta. Bayan mutane sun ɗauke ƙafa ya sake dawowa, ya same ta tana share ganyen lemo a tsakar gida. Suka gaisa. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce in zaman ya yi mata nauyi ita kaɗai, kada ta ji nauyin faɗa masa, akwai masu neman irin gidan, kuma zai samo mata ƙarami kusa da wurin aiki.

Ta jingina tsintsiyar da bango. Ta ce ta gode, amma ba yanzu ba. Ta ce har yau ba ta iya shiga ɗakinsa ta kwashe kayan ba, balle ta bar wasu su shigo suna buɗe ƙofofi suna tambayar kuɗi.

Ya ce haka ne, Allah ya ba da haƙuri. Ta raka shi bakin get, ta tsaya har ya tayar da motar, sannan ta rufe ta koma ta ci gaba da shara.