Shanun Huɗar Ɗanasabe

Sabo da ido yake auna arziki. In ya ga rufin kwano da mota a ƙofa, to magana ta ƙare. Shi ya sa da wani kamfanin sayen auduga ya buɗe a Funtua a 1985, da manyan motoci shida masu fenti ɗaya, ya sayar da shanun huɗarsa ya sa jari. Da kaka aka ba shi ribar naira tamanin. Kaf garinsu Dayi ba kunnen da tamanin ɗin nan ba ta shiga ba, har ƙanensa Ɗanasabe ya ce ranar kasuwa shi ma zai kai nasa shanun.

Ranar kasuwar da hantsi 'yar Sabo, Lauratu, wadda ke aikin akawu a Malumfashi, ta zo gida. Sabo ya miƙa mata takardun da kamfanin ya aiko, don dai ta karanta ya ƙara jin daɗi. Ta wuce shafin riba. A shafi na uku ta tsaya, ta daɗe tana bin layukan da yatsa.

"Baba, wannan shafin shige da ficen kuɗi ne. Nan ake ƙwanƙwasa rumbu a ji ko da hatsi a ciki."

"To, ƙwanƙwasa mana."

"Audugar duk bashi suka bayar, ko kwabo bai dawo ba. Motocin ma rancen banki ne."

"To tamanin ɗina daga ina ta fito?"

Ta ɗora yatsa kan layi ɗaya. "Daga kuɗin masu sa jari, Baba. Su kaɗai ke shigowa. Ran da aka rasa mai sayar da shanu, ran nan za a rufe ƙofa."

Ashe wutsiyar shanunsa aka yanko aka miƙa masa, shi kuwa yana ta godiya! Tsoro ya kama shi, don Ɗanasabe 'ya'yansa bakwai, kuma bijimansa biyu na huɗa su ke ciyar da gidan.

Ya hau keke, ko hula bai ɗauka ba. Kafin ya isa kasuwa ya yi kiciɓis da wani baƙo yana jan bijimai biyu, ɗaya da karyayyen ƙaho. Ya san su kamar yunwar cikinsa, na Ɗanasabe ne.

Ɗanasabe na tsaye bakin hanya yana ɗaga wa motar kamfanin hannu, ta riga ta yi nisa. Da ya hango Sabo ya washe baki.

"Yaya! Na biya su, ga rasit. Ba don kai ba, ina zan san hanyar arziki?"