Dakalin Baba Lauwali

Ƙungiyar cigaban unguwarmu a Kazaure ta so ta fara aikinta da kafa fitilun sola. Muhsin, shugabanta, ya ce sai an ji ta bakin matan cikin gida tukuna, tunda ba sa zuwa taro. Aka tura Malama Sadiyya ta Islamiyya ta bi su gida-gida.

Amsa ɗaya ta dawo da ita. Mata ba haske suke nema ba, hanya suke nema. Kowane magidanci ya gina dakali a ƙofarsa har lungun ya tsuke, adaidaita ba ta shiga. Bara a baro aka tura wata mai naƙuda zuwa titi. Ga kuma Saude can ƙarshen lungu, cikinta ya tsufa.

Magidanta suka yarda a rushe, amma a fara da mafi girma. Mafi girma kuwa na Baba Lauwali ne, mahaifin Muhsin, inda dattawa ke hira bayan la'asar.

Ɗa ba ya kallon idon ubansa ya ce masa tashi. Don haka Muhsin ya je ya durƙusa gaban Malam Daudu, abokin wasan Baba, ya roƙe shi ya isar da saƙon.

Da la'asar Malam Daudu ya zauna a dakalin, ya miƙe ƙafa.

"Lauwali, na ji yara za su rushe fadarka."

"Sun isa? Shugaban nasu ma ni na ɗinka masa wandon farko."

"Ai na ce musu su haƙura sai ka mutu. Tsohon da ba ya iya ɗaga buta, ina shi ina diga?"

Dattawa suka fashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya juya ya dubi ƙarshen lungun.

"Yarinyar nan Saude, yaushe ne?"

"Ko yau ko gobe."

Washegari da hantsi Muhsin ya tarar da mahaifinsa riƙe da diga, ya riga ya fasa kusurwa ɗaya. Ya miƙa hannu zai karɓa.

"Bari, ranka ya daɗe shugaba," in ji Baba. "Je ka kira Daudu ya zo ya ga tsoho."

Kafin azahar maƙwabta duk sun fito da nasu kayan aikin.

Ranar da naƙuda ta kama Saude, adaidaita har ƙofar gidanta ta tsaya. Dattawa yanzu a tabarma suke hira, kuma da an ji ham ɗin adaidaita, Baba ne ke fara naɗe tasa ya ba da hanya.