Inda Inna Ta Binne Cibiya

Gidan da muka saya a garin Laurel, nan ƙasar waje, ya zo mana da gyara kamar mun sayi gyaɗa: wani tsohon tankin man ɗumama ɗaki, binne a filin baya tun kafin a haife ni. Ba mu san da zamansa ba sai a 2014, da ciyawa ta fara mutuwa, filin yana warin gidan mai. Kamfanin inshora ya ce ko mu tone shi ko mu nemi wani kamfanin.

Mutanenmu suka yi ca, kowa ya iya. Har Issah mai tasi, wanda bai taɓa haƙa ko ramin shuka ba, ya ce shi da ƙaninsa sun isa. Na yi musu godiya, na kira Gregory, wani Bature mai tumbi da lasisi. Ya zagaya filin yana shinshina, ya ce tankin ya huje, don haka ƙasar da ke kewaye da shi ma sai an kwashe ta a tifa.

Yana tafiya, matata Atine ta ja ni gefe.

"Baban Mufeeda, cibiyar yarinyar nan fa tana cikin filin nan."

Na manta shaf. Lokacin da aka haifi 'yarmu Mufeeda, mahaifiyata Inna ta zo daga Kano yi wa Atine wankan jego. Da cibiyar jaririya ta faɗi, ta ƙulle ta a tsumma ta binne. A ina cikin filin? Ta ƙi faɗa wa kowa, wai kada maƙiya su tone. Ni dai ban san maƙiyin da zai sha wahalar biza don ya zo Laurel neman cibiya ba. Inna kuwa ta rasu da sirrinta.

"Yaron da cibiyarsa ta ɓata ba ya zama wuri ɗaya," in ji Atine. "Haka zai ƙare yana gantali."

"Ke fa nurse ce."

"Nurse ɗin ba uwa ba ce?"

Ranar aiki Gregory ya iso da katafila, ya tarar da ni tsugune cikin kayan gadi, don daga aiki nake, ina tankaɗe ƙasa da rariyar tuwo, Atine na zuba mini da shebur. Ya tambaya ko zinariya muke nema. Na yi masa bayani ina jin kunya kamar in nutse. Bai yi dariya ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya ce shi ma uwarsa tana ajiye da haƙoransa na yarinta a kwalba, mu ci gaba har yaransa su gama shan kofi.

Muka samo ƙashin kaza, murfin kwalba da wani cokali da na daɗe ina zargin baƙi da shi. Cibiya ko alamarta.

Aka ciro tankin, ya yi tsatsa ya kumbura kamar mushen saniya. Katafila ta yi ta loda ƙasa har filin ya zama rami. Da tifa za ta tashi, na tambayi Gregory inda ake kai ƙasar.

"Gasa ta ake yi, a haɗa da kwalta," ya ce. "Titi ake yi da ita."

Atine ta ji. Ta karkaɗe zanenta a hankali.

"To, madalla. Kowa cibiyarsa na gidan ubansa, ta 'yata tana kan titi."

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa. Sai a lokacin na tuna wannan ƙullin shi ne abu na ƙarshe da hannun Inna ya ajiye a gidana, kuma ni na buɗe wa tifa ƙofa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Har yanzu ban yarda da zancen gantali ba. Amma duk inda na ga sabuwar kwalta a babbar hanya mai lamba 95, ƙafata da kanta take sauka daga totur. Na baya su yi ta hon.