Kan Sarki Biyu a Tafin Rabab

Tun hantsi Rabab take zaune a gefen teburin babanta, a gindin matakalar kotun garin Kina da ke bakin kogi, da kan sarki guda biyu a tafin hannunta. Ɗaya an buga masa Kwalejin Shari'a, ɗaya Kwalejin Jinya. A wancan zamanin duk wanda ya gama sakandare sai a ba shi fam da kan sarkin kowace kwaleji, ya manna wanda ya fi so a gidan farko na fam ɗin. In ka manna shi ke nan, ɓamɓarewa ɓata fam ne. Ga shi kuma yau da la'asar ake rufe karɓa.

Babanta, wanda kowa ke kira Ammu Hilal, shekara talatin ke nan yana rubuta wa mutane takardar ƙara a wannan inuwar, amma bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Lauyoyi su fizgi abin da ya rubuta su haye sama da shi, ko sannu babu. Shi ya sa tun tana 'yar firamare yake kiranta Metar, kamar yadda ake kiran lauyoyi, har mai ruwan rake na tsallaken titi ya ɗauka sunanta ne na yanka.

Zafin rana ya sa idonta ya yi nauyi. Sai ta ga kanta cikin baƙar rigar lauyoyi tana hawa matakalar, iskar kogi ta cika rigar, babanta a ƙasa ya miƙe tsaye yana nuna wa jama'a ita da alƙalami. Abin ya yi mata daɗi, wallahi. Amma kafin ta kai ƙofa sai matakalar ta miƙe ta zama dogon barandan asibiti, na shekarar da mahaifiyarta ta kwanta kwanciyar da ba ta tashi ba. Ga Sista Nargis can, tana juya maras lafiyar a hankali, tana jiƙa mata leɓe da auduga, tana yi mata hira kamar gobe za a sallame ta. Rabab ta manta fuskar matar nan, hannuwanta kawai take tunawa.

"Metar, tashi, ga shari'a ta zo," in ji babanta.

Wata tsohuwa ce daga ƙauye, Umm Gabir, ta zauna daɓas a kan benci. Ƙanin mijinta ya toshe mata hanyar ruwan da ke shiga gonarta, ga masara tana bushewa. Ammu Hilal ya gyara tabarau ya shiga tambaya, wace shekara, wa ya shaida, ina iyaka. Ita kuwa Rabab idonta na kan ƙafar tsohuwar, wadda aka naɗe da tsumma har ya yi baƙi.

"Iya, me ya same ki a nan?"

"Lauje ne, 'yata. Ba komai, na cusa garin gahawa, jinin ya tsaya."

"Garin gahawa! Haba Iya, ƙafar taki butar shayi ce?"

Kafin tsohuwa ta ce uffan, Rabab ta durƙusa ta warware tsumman. Ta ɗauko tulun ruwan babanta ta wanke ciwon tas, ta aika aka sayo bandeji a kantin magani, tana ɗaurewa tana faɗa, gobe gobe sai an je an yi allura. Tsohuwa tana ta "wayyo, yarinyar nan za ta kashe ni," amma ba ta janye ƙafar ba. Da aka gama rubutu ta dangwala yatsa, ta sa wa Rabab albarka, ta ɗingisa ta hau sama.

Ammu Hilal ya daɗe yana goge bakin alƙalami.

"To Metar, me ya kawo matar nan kotu?"

Rabab ta shiga lalube a ranta. Gado ne? Saki? Ko kalma ɗaya ba ta ji ba. Kunya ta kama ta, da tausayin tsohon nan, har hawaye suka cika mata ido.

"Baba, zan iya koya. Wallahi zan manna na shari'ar, in dai ka..."

"Miƙo fam ɗin."

Ta miƙa. Ya shimfiɗa shi a teburin, ya buɗe tafinta da kansa, ya ɗauki kan sarki ɗaya ya dangwala a jiƙaƙƙen soson da yake aiki da shi. Ya ɗaga kai ya dubi matakalar, tun daga ƙasa har ƙofar da lauyoyi ke shiga, ya daɗe yana kallo. Sannan ya manna. Duk Kina an san Ammu Hilal bai taɓa manna kan sarki a karkace ba, amma wannan ya ɗan karkace.

Rabab ta leƙa. Kwalejin Jinya.

"Maza ki kai kafin su rufe," ya ce, bai dube ta ba. "Ki bi ta inuwa, Rabab."