Farcen Goggo Verna

A tsaunukan Idaho, can ƙasar Amurka, ba mai haɗa kansa da Goggo Verna wajen harbi da bindigar toka. Ana gobe farautar elk, barewar nan mai girman doki, Dwight ɗan wanta ya zube mata harsasai masu ƙyalli da ya sayo. Ta danna wa ɗaya farce, ko gezau. Ta ture su, ta ɗauko nata na darma masu taushi, masu bajewa cikin nama.

"Goggo, tsufa ne ko taurin kai?" in ji Dwight.

"Harbi ɗaya gare ka, ɗan nema. Naka zai ratsa ta ya wuce. Kai ka dawo ka sha kofi, ita ta kwana uku tana mutuwa."

Dwight ya miƙa hannu ta sam masa nata.