Yadda Aka Sallami Malam Jari Daga Kamfanin Aji Biyar

Malam Jari shi ne mai koyar da darasin kasuwanci a makarantar sakandaren da ke bayan tashar mota. Ɗalibai ne suka laƙa masa sunan, saboda ba ya iya jera magana uku bai ce "jari" ba, sunan kuma ya bi shi har gida, har matarsa in ya ɓata mata rai da shi take kiransa. Mutum ne mai tsafta da son a ce ya iya. Ya san yadda ake kafa banki, ya san abin da ke karya kamfanonin jiragen ruwa, yana zana su a allo da alli kala biyu. Babur ɗinsa ne dai sai an tura yake tashi.

Shekara da shekaru yana koyarwa lafiya lau, yara na kwafa yana sa musu maki, har ranar da Firinsifal ya dawo daga wani taron bita da sabuwar jaka da sabuwar magana. Ya tsaya a gaban ɗalibai da safe ya ce zamanin karatun allo ya wuce, yanzu zamanin dogaro da kai ne, kuma ba zai ƙara lamuntar yaro ya gama makarantarsa bai iya juya kuɗi ba. Aka yi tafi. Kafin tafin ya lafa ya nuna Malam Jari da yatsa ya ce ya ba shi wannan zangon ya nuna wa duniya kasuwanci a aikace.

Malam ya ji kansa ya yi girma. A ranar ya shiga aji biyar ya ce su rufe littattafai, yau kamfani za a kafa. Kowa ya kawo ɗan abin da ya samu daga kuɗin tara ya sayi hannun jari. Ya koya musu cewa masu hannun jari su ne masu kamfani, su ke naɗawa su ke saukewa, ba wanda ya fi ƙarfin ƙuri'arsu. Sai da ya sa suka maimaita wannan da ƙarfi, don yana son jin aji na amsa masa.

Wajen zaɓen manaja ne aka fara saɓa masa. Shi ya so a zaɓi Dogo, wani yaro mai ladabi da ba ya musu da kowa. Ajin kuwa suka zaɓi 'yar Malam ɗin ta fari, wadda ke zama a layin gaba. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata a gida, a aji kuma ya ce "ke". Yarinya ce marar yawan magana, mai kallon mutum har ya gama sannan ta yi masa tambaya ɗaya da za ta hana shi sakat. Daga ranar kowa ya koma kiranta Manaja. Shi kuma Malam ya naɗa kansa babban mai ba da shawara, ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba.

Ya tura su binciken kasuwa, wato su gano abin da mutane ke buƙata ba su samu. Binciken bai ɗau lokaci ba, domin kanti ɗaya ne a makarantar, na wani ƙanin matar Firinsifal da kowa ke kira Kawu. Kawu na sayar da biro da sai ka yi ta hura masa iska kafin ya yi rubutu, da biskit da ya yi laushi kamar an kwana da shi a aljihu, da ruwan roba mai ɗumi da za a iya yi wa jariri wanka da shi. Firijinsa ya daɗe da mutuwa, a ciki yake ajiye takalmansa. In yaro ya yi ƙorafi sai ya ce masa ya je kantin gaba, yana dariya, don ya san babu kantin gaba.

Kamfani ya yanke shawarar sayar da ruwan sanyi da biro da biredi a gindin bishiyar da ke gefen ɗakin gwaje-gwaje. Aka rasa kular zuba ƙanƙara, Malam ya ce yana da ita a gida. Da ya je ɗauka matarsa ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu ta tambaye shi ko ita ma an sa ta cikin masu hannun jarin ne. Ya ce mata wannan sadaukarwa ce ga ilimi. Ta ce to ilimi ya dawo mata da murfin lafiya.

Ba a yi mako biyu ba gindin bishiya ya zama kasuwa. Da an kaɗa ƙararrawar tara sai ka ga yara na gudu suna wuce kantin Kawu kamar ba su taɓa saninsa ba. Har malamai suna aikowa. Manaja ta raba aiki, wasu na sayo ƙanƙara da safe, wasu na gwada kowane biro a gaban mai saye. Malam Jari kan tsaya daga nesa ya goya hannu a baya, in wani malami ya zo wucewa ya tare shi ya yi masa bayanin abin da ake kira gasa. Kawu kuwa yana zaune a kantinsa shi da ƙudaje.

Ran nan masinja ya zo ya ce Firinsifal na kira. Malam ya gyara wuyan riga ya tafi yana tsara yadda zai karɓi yabo cikin tawali'u. Ya tarar da Kawu zaune a kujerar baƙi ya kumbura fuska, shi kuma ba a ce ya zauna ba.

Firinsifal ya cire tabarau ya ce, "Malam, ni kasuwanci na ce ka koya musu. Ban ce saye da sayarwa ba."

Malam ya buɗe baki zai tambayi bambancin, sai ya tuna takardar ƙarin girmansa na kan wannan teburin, ya rufe. Firinsifal ya ci gaba da cewa shi ba ya adawa da gasa, yana ma sonta ƙwarai, amma gasa mai tarbiyya, wadda ba ta taɓa abincin manya. Saboda haka kamfani ya ci gaba da aikinsa, sai dai kada ya sayar da duk abin da Kawu ke sayarwa, ko abin da Kawu ke da niyyar sayarwa nan gaba. Kawu ya gyaɗa kai ya ce shi mutum ne mai niyyoyi da yawa.

"To, ranka ya daɗe," in ji Malam. "An gama."

Washegari ya tara ajin ya yi musu bayani da manyan kalmomi. Ya ce kasuwa ta canza yanayi, kamfani mai hankali kuma yakan sake fasali. Ya ba da shawarar su koma sayar da abin da ba ya cikin niyyar kowa, kamar tsintsiya. Sai Manaja ta ɗaga hannu, ya ce "ke," ta miƙe.

"Malam, wa ya amince da wannan a madadin kamfani?"

Ya ce shi ne, a matsayinsa na babban mai ba da shawara.

"Shawara aka ce ka bayar, Malam. Kai kuma kamfanin ka bayar."

Wani ya yi dariya a baya ya mayar da ita tari. Manaja ta juya ga ajin cikin natsuwa ta ce tana gabatar da ƙudurin a sauke mai ba da shawara. Malam ya yi murmushi, don a zatonsa wasa ne, har ya ce madalla, haka ake gabatar da ƙuduri. Ya nemi mai goyon baya yana kallon silin. Dogo ne ya miƙe, Dogo mai ladabi, ya ce yana goyon baya, amma Malam ya yi haƙuri. Hannuwa suka tashi kamar an shuka su. Tun da babu wani babba a wurin, Malam ɗin ne da kansa ya ƙirga su, ya kuma sanar da sakamako. Manaja ta yi masa godiya bisa gudummawar da ya bayar, ta ce kamfani ba zai manta da shi ba, sannan ta roƙe shi ya ɗan ba su wuri za su yi taron sirri.

Ya fita ya tsaya a baranda da alli a hannu. Rabin zuciyarsa na cewa duk makarantar nan ba malamin da darasinsa ya shiga kan yara kamar nasa. Ɗaya rabin na tuna masa cewa shi ya biya wa yarinyar nan kuɗin hannun jarin da ta kore shi da shi.

Da aka tashi ita ta tura masa babur kamar kullum, ta hau baya suka tafi gida. Da ya cire takalmi ta kawo masa ruwa ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya kalle ta ya ce, "Uwata, ni kika kora a gaban mutane?" Ta ce ita ba ta kori Babanta ba, mai ba da shawara aka sauke, kuma shi ya ce kada a haɗa kasuwanci da zumunci. Matarsa da ke tsinkayo su daga kicin ta yi dariya har da zama. Ta ce ita dai tun da ba a kori kularta ba, ba ta da ƙorafi.

Kamfani ya bar harabar makaranta ya koma bayan katanga, inda ikon Firinsifal ya ƙare. Suna sayarwa kafin a shiga aji da bayan an tashi. Lokacin tara kuma wata yayar Dogo da ta gama makaranta ke zama da kular, ana miƙa kaya ta wata kafa da ke jikin katangar. Firinsifal ya sa aka toshe kafar, washegari aka ga guga na saukowa da igiya. Ya kira Malam ya ce ya tsawata wa kamfaninsa. Malam ya ce, da wani daɗi da shi kansa bai zata ba, ai shi yanzu ba shi da alaƙa da su, an sallame shi.

Da haka aka tafi har saƙo ya zo cewa manyan baƙi daga ma'aikatar ilimi na tafe. Ashe tun makon farko Firinsifal ya yi ta cika baki a taron shugabannin makarantu cewa ya kafa kamfanin ɗalibai irin wanda ba a taɓa gani ba, maganar kuma ta kai sama. Yanzu ana so a zo a gani da ido, har da masu ɗaukar hoto.

A wannan karon an ba Malam kujera. Firinsifal ya kira shi ɗan'uwa, ya tambayi lafiyar iyali, ya ce a dawo da kamfani gindin bishiya kafin baƙi su iso. Malam ya ce da so samu ne da ya yi, amma sai dai a yi magana da Manaja. Haka aka aika aka kira 'yar aji biyar ofis, aka kawo mata lemo daga kantin Kawu. Ta taɓa kwalbar ta ji ɗumi ta ajiye. Ta saurari Firinsifal har ya gama, sannan ta ce za su dawo in za a bar su har ƙarshen shekara, su sayar da abin da suka ga dama, kuma a faɗi haka a gaban ɗalibai duka, ba a ofis ba. Firinsifal ya amince. Ya tambaya ko akwai saura. Malam ya gyara zama ya yi ɗan tari, yana jiran ta ce a mayar da mai ba da shawara. Ta ce akwai, suna son aron tebur biyu.

Ranar ziyara an share gindin bishiya an yayyafa ruwa. Firinsifal ya yi jawabi mai tsawo kan yadda tunanin ya zo masa, da irin gwagwarmayar da ya sha da masu adawa da ci gaba. Ya gabatar da Kawu, wanda ya sha sabon ɗinki, a matsayin gogaggen ɗan kasuwar da ke horar da yaran kyauta. Kawu ya sunkuyar da kai irin na mutumin da ba ya son a fallasa alherinsa. Babban baƙo ya sayi biro ya gwada, ya yi rubutu nan take, ya jinjina wa Kawu. Da aka zo hoto sai aka ga kular ta tsufa za ta ɓata tsari, aka ce Malam ya ɗan matsar da ita gefe. Yana can yana neman inuwar da zai ajiye ta aka ɗauka.

Kafin shekara ta ƙare aka ɗaga Firinsifal zuwa ma'aikata. 'Yan aji biyar suka shiga shekarar jarrabawa, suka yi taro suka raba abin da suka samu suka rufe kamfani da kansu. Kawu ya gyara firiji, ya kuma ƙara wa ruwa kuɗi saboda sanyi. Takardar ƙarin girman Malam ta ɓace wajen kwashe kayan ofis, amma tsohon maigidan nasa bai manta da shi ba. Ya sa sunansa cikin waɗanda za su riƙa zagaya makarantu suna koya wa malamai yadda ake kafa kamfanin ɗalibai.

A bitar farko Malam Jari ya riƙe makirufo ya yi bayani tiryan-tiryan, ya tsallake abin da ya kamata a tsallake. Da aka zo tambayoyi wani sabon malami, da gani bai daɗe da fara aiki ba, ya miƙe ya tambaya mene ne matakin farko, tara jari ko binciken kasuwa. Malam ya dube shi.

"Kafin duka biyun," ya ce, "ka fara binciko ko ƙanin wane ne mai kantin makarantarku."

Zauren ya fashe da dariya. Sabon malamin bai yi dariya ba, ya duƙa yana rubutawa, har ya ɗago ya roƙi a maimaita masa a hankali.